Wuri da kuɗi: kalma ɗaya ce ko biyu?

Ɗalibar Hausa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Idan aka ce mutum ya biya naira miliyan ɗaya "wuri na gugar wuri", wane wuri ake nufi? An ce wai ƙananan fararen ɓawon nan ne na bakin teku da ake jerawa a jikin ƙwarya ko a kitso. To mu da ba mu da teku, ina muka samo masa suna? Kuma da gaske ne "kuɗi" jam'in "wuri" ne, ko dai zancen aji ne kawai?

Malamin Nahawu, Gusau:
Wa alaikumus salam 'yata. Da gaske ne, ba zancen aji ba ne. Amma fara raba wuri uku da rubutun boko ya haɗa musu riga ɗaya. Akwai wuri na zama, wanda jam'insa wurare, muryarsa sama take daga farko har ƙarshe. Akwai na "zo da wuri", wasalin ƙarshensa gajere ne. Sannan akwai wanda kike tambaya, shi muryar tana farawa sama ta sauko ƙasa a gaɓa ta biyu. Ki furta "ba ni da wuri" na rashin masauki, ki sake furta "ba ni da ko wuri" na talauci, kunnenki zai raba miki su.

Wannan na ukun shi ne tilo, jam'insa kuɗi. A da ana cewa wuri ɗaya, kuɗi biyu, kuɗi goma, kamar yadda ake cewa akuya ɗaya, awaki goma. Da ya zama da su ake saye da sayarwa, sai jam'in ya ɗauki ma'anar abin ciniki gaba ɗaya. Da ƙarfe da takarda suka zo suka tarar da sunan a zaune, sai suka shige cikinsa. Har aka manta jam'i ne aka sake ƙera masa wani jam'in, kuɗaɗe.

Bakabe, Argungu:
Allah shi gafarta Malam, haka na. Mu nan kuɗɗi muka cewa, tsohhi kuma har yanzu akwai mai cewa kurɗi. Kuma ƙwara guda ba wuri kaɗai aka ce mata ba, ana ce mata ijiya. In mutum ya ce ba ni da ko ijiya, to aljihu ya yi ƙaƙas. Ijiya kuwa wajenmu ido ta. Ki birkice wuri ki dubi tsagar da ke cikinai, sai ki ga ido na da anka runtse.

Abin da ni ka son ɗiyata ta kiyaye: wuri ba ya cikin gulbi. Duk wanda ya ce miki ya tsinci wuri mai rai bakin Matan Fada ko bakin Kwara, to ƙumba ta ya gani ko katantanwa. Ƙumba ɓawo biyu gare ta, tana buɗewa kamar littahi, da ita aka kankare tukunya. Katantanwa murɗaɗɗa ta, mai tsini. Wuri kuwa guda na, baya a tudu, ciki da tsaga mai haƙora gefe da gefe, kuma sai ruwan gishiri mai ɗumi shi ka rayuwa.

Malamin Nahawu, Gusau:
Baba ka kawo abin da ya fi nawa. Ijiya da ido ma irin wannan tafiyar suka yi. Ido asalinsa jam'i ne, tilonsa ijiya. Hausar gabas ta yar da tilon ta riƙe jam'in a matsayin tilo, sannan ta yi masa idanu. Haka gida da giji, daga baya aka yi gidaje. Ke nan kuɗi ba shi kaɗai ya yi wannan ƙaura ba, hali ne na harshen. Kuma yawanci a bakin mutanen Sakkwato, Kabi da Zamfara ake tarar da tsohuwar siffar ba ta mutu ba.

Ɗan Yauri:
Ni fa Malam ina ganin daga "koɗi" ne, na dodon koɗi. Ɓawo ne wannan, ɓawo ne wancan. Koɗi, kuɗi. Ai a fili yake.

Malamin Nahawu, Gusau:
Ƙanena, kama da wane ba ta wane. Wasalin koɗi dogo ne, na kuɗi gajere. Sannan tsohuwar siffar kurɗi ce mai "r" a tsakiya, ita ce ta zama kuɗɗi a yamma inda "r" ta narke cikin "ɗ", ta zama kuɗi a gabas inda aka sauke ta. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya biyo ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, da "r" ɗin ya ji ana faɗa, kuma haka ya rubuta. In ka ɗora wur- a kan kur- za ka ga sun fi kusa da juna fiye da koɗi da kuɗi.

Mai Tarihi, Gwandu:
Bari in ɗauki ɗaya rabin tambayar ɗalibarmu, wato ta ina ya zo mana.

Wurin da aka fara ciniki da shi a ƙasashen nan daga tsibiran Maldif yake, cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Masana halittu suna ce masa moneta, wato na kuɗi, sunan da aka sa masa tun 1758. Ba tsintarsa ake yi a yashi kamar yadda mutane suke zato ba, domin wanda igiyar ruwa ta jefo waje ya riga ya goge, ƙyallinsa ya tafi. Da ransa ake kama shi. Mutanen tsibiran sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa mara zurfi, dabbar ta hau ta manne, a jawo ganyen waje. Sai a bar su a rana ko a binne cikin yashi har naman ya ruɓe, a wanke, a shanya, a ɗaure cikin ƙunshin ganyen kwakwa. Ƙunshi ɗaya 12,000 ne, suna ce masa kotta.

Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko, ya ga kai biyu na wannan ciniki da idonsa. Ya zauna a Maldif wajen 1343 zuwa 1344, har ya yi alƙalanci, ya ce a can wuri 400,000 ake bayarwa a dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma ya fi haka araha. Da ya zo Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353 ya tarar ana canjin 1,150 a dinari. Ku raba ku gani, ribar ta haura ninki ɗari uku. Wannan shi ya sa ake ɗaukar wahalar bi da shi ta Bahar Maliya, Masar da Magrib, a ɗora wa raƙuma a ƙetaro Sahara.

Hanya ta biyu ta teku ce. 'Yan Fotugal suka fara kawo shi gaɓar Afirka ta yamma a farkon ƙarni na 16, daga baya 'yan Holan da Ingilishi suka karɓe cinikin. Suna zuba shi a gindin jirgi don ya yi wa jirgin nauyi, a sauke a Amsterdam ko Landan, a sake loda shi zuwa Wida, a ƙasar Benin ta yau, da Ikko. Kuma a faɗi gaskiya, mafi yawan abin da suka saya da shi a gaɓar teku mutane ne. Daga gaɓa ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe, ya bi Kwara da hanyoyin fatake.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Barno kuwa sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Shehu Umar, ta karɓe shi a matsayin abin ciniki.

Bakabe, Argungu:
Nan kam ban yarda ba Malam. Wanga lissahi na Kanawa na, abin da ya shiga kasuwar Kurmi sunka rubuta. Gawo tana ciniki da wuri tun ƙarni na 14 bisa ga abin da kai da kanka ka kawo. Kanta na Kabi kuwa cikin rundunar Askiya sarkin Gawo ya yi yaƙi kahin shi ɓalle shi kahwa Surame a ƙarni na 16. Kabi da Dandi da Gawo gulbi guda ya haɗa su. A ce Bakabe bai ga wuri ba sai bayan shekara ɗari biyu, hankali bai ɗauka.

Mai Tarihi, Gwandu:
Baba, ganin abu daban, mai da shi ma'aunin kasuwa daban. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa Kabi ta san wuri kafin Kano, hanyar ruwa ta isa hujja. Amma kafin a ce gero, gishirin Fogha, tufa da haraji duk da wuri ake yanka musu farashi, sai ya yi yawan da zai ishi mai sayen daddawa. Wannan yawan ta kudu ya zo, a ƙarni na 18. Kafin nan ana musaya da ƙyallen saƙi, da gishiri, manyan ciniki kuma da miskalin zinariya.

Bakabe, Argungu:
To in haka ka nuhi, mun kusa daidaitawa. Amma a riƙa cewa "Kano", a bar cewa "ƙasar Hausa".

Ɗan Kasuwar Jega:
Tunda daga wajen Indiya yake, ai magana ta ƙare. Indiyawa kauri suke ce masa, kuma "r" ɗinsu ta wannan kalma da lanƙwasa harshe ake yin ta, tana kusa da "ɗ" tamu. Kauri, kurɗi. Turawan Ingila ma daga wajensu suka aro nasu sunan. Kaya ya zo da sunansa, kamar yadda sabulu da albasa suka zo da nasu.

Malamin Nahawu, Gusau:
Alhaji, wannan ta fi ta koɗi ƙarfi, kuma akwai masu ra'ayin. Amma kalma ba ta tashi sama, a bakin mutane take tafiya. Sabulu da albasa mun san bakin da ya kawo su, domin Larabci na da sabun da basal. To wa ya kawo mana kauri? Larabawan da suka ƙetaro Sahara da shi wada'u suke ce masa, haka Ibn Battuta ya rubuta. 'Yan Fotugal buziyo suke cewa. Yarbawa da suka karɓa daga teku owo eyo, Nufawa ewo, Zabarmawa da Dandawa nooru, Fulani seedere, jam'i ceede. Duk wanda ke tsakaninmu da Indiya, ta arewa ko ta kudu, da wani sunan yake kiransa. Sai a ce kalmar ta tsallake su duka ta faɗo Jega?

Abu na biyu, in kurɗi ne aka aro, ta yaya Bahaushe ya ƙera masa tilo da "w"? Kalmomin aro kan shigo a tilo, sannan a yi musu jam'i na ƙa'ida: mota, motoci, littafi, littattafai. Jam'in da ya karkace kamar sa da shanu, akuya da awaki, wuri da kuɗi, alamar tsufa ce a cikin harshe.

Inna Bafullatana, Bunza:
Malam ya yi daidai a kan namu. Seedere ƙwara ɗaya, ceede da yawa, kuma ceede ɗin nan ita muke ce wa naira yau. Tafiyar ɗaya ce da ta Hausa. Zabarmawa ma in sun ce nooru yanzu, sefa ko naira suke nufi.

Mai Tarihi, Gwandu:
Har Gana, Inna. Sidi da suka sa wa kuɗinsu a 1965 sunan wuri ne a harshen Akan.

Ɗan Kasuwar Jega:
Malam ka ture tawa, amma ban ji ka kafa taka ba. Na ajiye kauri a aljihu tukuna.

Tsohon Ma'aji, Anka:
Ku bar asali haka nan, ku zo ga ƙidaya, don nan amsar "wuri na gugar wuri" take.

A gaɓar teku huda shi aka yi a zura a zare: 40 zare guda, zare 50 su ba da 2,000, goma na wannan su cika buhu, 20,000. Mu nan ba a zura shi. A zube shike, sai an ƙirga. Mai ƙidaya ya zauna bisa tabarma ya zube tulin gabanai, shina ja da yatsu biyar biyar. Ja huɗu, ashirin, ita ce hauya. Hauya biyar, zangu, wato 100. Hauya goma 200, sai a ware tuli guda gefe. Tuli biyar dubu. Daga nan sai zambar: zambar biyu, zambar goma. In an kai 20,000 sai a zuba cikin tsohuwar tabarma a naɗe a ɗinke baki, shi ya sa keso ke nuhin tsohuwar tabarma, shina kuma nuhin 20,000.

Inda aka samun matsala wuri uku na. Na ɗaya, mai ƙidaya shi ja huɗu maimakon biyar. In ya yi haka sau ɗaya cikin kowace hauya, a keso guda ya ci 1,000. Don haka ba a karɓar keso a ɗinke, sai mai karɓa ya kwance ya sake ƙirgawa. Na biyu, fasasshe da wanda ya ƙone ba su shiga, a tsince su a cika. Na uku, tsakuwa da yashi a gindin keso don nauyi shi cika. To in an zube, an ƙirga gaban shaidu, ba bashi, ba tufa ko akuya a madadin saura, ƙwara na gugar ƙwara har ana jin ƙararsu, shi na wuri na gugar wuri. Lakadan, cif, ba ragi.

Barth ya zauna wajen irin wagga ƙidaya a Tasawa a 1851, inda anka ƙirga 500,000. Ku lissafa, keso 25 ke nan, ja dubu ɗari da yatsu.

Ɗalibar Hausa, Birnin Kebbi:
Baba, to nauyinsa fa? Yaya ake zuwa kasuwa da irin wannan?

Tsohon Ma'aji, Anka:
Nan gizo ke saƙa ɗiyata. Ƙananan na Maldif kamar 400 ke cika laba guda, ke nan keso shina kai laba 50, kilo ashirin da 'yan kai. Kayan mutum guda na. In tahiya ta yi nisa, ɗan dako na cin abinci daga cikin abin da ya ɗauko, har a wayi gari ya cinye kayan. Don haka falke ba ya ɗaukar wuri zuwa Gwanja saye goro, sai shi mai da shi tufa, kanwa ko jakai, can shi sake mai da su wuri. Ga cehwane kuwa ba abin da ya kai shi daɗi, don da ƙwara biyar ana sallamar ki da wani abu.

Mai Tarihi, Gwandu:
Kuma nauyin ya ƙaru daga baya. Wajen 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara kwaso wani iri daga Zanzibar da gaɓar Afirka ta gabas, wanda ake ce wa annulus. Ya fi na Maldif araha da sauƙin samu, kuma ta jirgi kai tsaye ake kawo shi Ikko a sayi manja. Aka tuttulo shi har darajar ta zube. A Kano ta 1851 ana ba da 2,500 a dalar azurfa ɗaya mai kan Mariya Tariza, kafin ƙarnin ya ƙare farashin ya ninka. Tsadar kaya ba da naira ta fara ba.

Da Turawa suka ci ƙasar, a 1904 suka hana shigo da sabon wuri. Aka kawo anini mai huda, sannan aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta yamma a 1912. Abin da ya fi kashe shi a aikace shi ne da aka ce haraji sai da kuɗin Bature. Duk da haka ya daɗe a kasuwannin ƙauye wajen ƙananan ciniki, domin anini ma ya yi wa mai sayen gishirin miya girma.

Tsohon Ma'aji, Anka:
Kuma ya bar sawunai cikin sunayen. Rabin kwabo mi aka ce mai? Ɗari. Ɗarin mi? Ɗarin wuri. In kun bi wanga ma'auni, kwabo 200, anini da ke kashi ɗaya cikin goma na kwabo ya zama 20, hauya guda ke nan, sule mai kwabo 12 ya zama 2,400. Canjin kasuwa na hawa da sauka daga gari zuwa gari, amma sunan ya manne. Sauran kuwa na aro na: kwabo, taro, sisi, sule, fam duk daga bakin Bature. Jaka kuma fam 100 ta, shi ya sa bayan 1973 da fam guda ya koma naira biyu, jaka ta zama naira 200.

Baduku, Talata Mafara:
Tunda yanzu ado kaɗai ya rage masa, ga yadda ake gane shi a hannu, don kasuwa ta cika da na roba.

Na Maldif gajere ne, kafaɗunsa da ƙullutu, ba sumul ba, launinsa fari mai ratsin rawaya. Na Zanzibar sumul yake kamar ƙwai, bayansa fari mai duhu kaɗan, da zobe ruwan goro kewaye da tudun. Tsawonsu duka tsakanin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Wanda ake tonowa a kufai cikin tulu yawanci zoben ya ɓace, ya yi fari kamar alli, kuma yana saurin karyewa, bai dace da ɗinki ba.

Na gaske yana da sanyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa shi a haƙori zai yi ƙara kamar tangaran. Na roba ba nauyi, duk girmansu ɗaya, da layin haɗi a gefe. In kana shakka, ɗora allura a wuta ka taɓa cikinsa: roba za ta narke, na gaske ko gezau. Ko ka ɗiga ruwan lemun tsami a kan fasasshe ɗaya, za ka ga ƙananan kumfa, domin sinadarinsa ɗaya da farar ƙasa. Wannan kuma shi ne dalilin da ba a wanke shi da tsami ko kaɗan. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi sun isa, a shanya a inuwa, a shafa ɗan man gyaɗa a goge.

Wajen ɗinki a fata ko ƙwarya, kada a sa ƙusa da guduma, cikin goma sai ka fasa bakwai. Jiƙa dutsen wasa da ruwa, kifa tudun bayan a kai, riƙe da yatsu biyu ka goga a kewaye, kana duba shi akai akai. Da bayan ya yi siriri zai buɗe da kansa. Tsaya nan, ka shafe bakin ramin don kada ya yanke zare. Ruwan yana hana zafi ya tsaga shi, yana kuma kwantar da ƙurar, wadda ba ta da kyau a huhu. Sai a kwantar da shi tsagar na kallon waje, zare ya shiga ta rami ya fito ta kan tsagar sama, ya koma ta ƙasa. Zaren fata ko na lilo mai kakin zuma ya fi, na auduga tsagar na cinye shi cikin wata kaɗan.

Ɗan Yauri:
Yaya, to me ya sa wasu tsofaffin da ake tonowa bayansu a yanke yake tun asali, alhali Baba Ma'aji ya ce mu ba ma zurawa?

Baduku, Talata Mafara:
Wasu da yankansu suka hauro daga kudu, inda ake zurawa. Wasu kuma 'yan caca ne suka goge su, don wuri mai tudu ya fi yawan faɗuwa a kife, in an share bayan sai ya iya faɗuwa ta kowane gefe. Masu duba da wuri ma irinsa suke nema saboda wannan dalili. In ka duba bakin ramin za ka gane: na zare yana da ɗan kwari gefe biyu inda zaren ya ci shi, na jifa kuwa bakinsa a goge yake daidai ko'ina.

Ɗan Kasuwar Jega:
A Jega gwangwani ake auna shi yanzu, ba mai zaman ƙirga hauya. Wanda zai saya ya zube gwangwanin a tire ya tsince na roba tukuna, don a tsakiya ake cusa su.